Ƙwayar Bitamin D: Shawarar Ingila Da Ƙafafun Ƴaƴanmu



Kwanan baya, ranar kasuwa, muna zaune wajen dillalai sai ga wani mai tallar magani ya iso da akwatinsa da lasifika. Ya ɗaga wata ƴar kwalba yana cewa wannan ita ce ƙwayar bitamin D wadda gwamnatin Ingila ta ce kowa ya sha, wai tana ƙarfafa ƙashi, tana raba mutum da ciwon baya, tana hana ciwon daji da ciwon zuciya. Muna gani wani dattijo da ya sayar da bunsurunsa ya kwance kuɗi ya sayi kwalba uku. Wannan dattijo kuwa, tun yana yaro, daga fitowar rana har faɗuwarta yana bayan shanu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan, domin a cikin maganar mai tallar akwai gaskiya kaɗan, kuma gaskiya kaɗan ita ce ta fi saurin cin kuɗin talaka.

Bari mu fara da abin da kowane makiyayi ya sani. Saniya tana iya ƙoshi da ciyawa amma ta rame, ka gan ta tana tauna ƙashi ko tana lasar ƙasa. Ba mu cewa yunwa take ji, mun san wani abu ne jikinta ya rasa, shi ya sa muke ba ta kanwa da gishiri, shi ya sa kuma garake suke hawa Ingal a ƙarshen damina. To, ɗan Adam ma haka yake. Ƙashinsa yana ginuwa da wani sinadari da ake kira kalsiyam, wanda ya fi yawa a cikin nono. Shi kuma bitamin D aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotse kalsiyam daga abinci ya kai shi cikin jini. Idan ɗaya daga cikin biyun ya yi ƙaranci ga yaro mai tasowa, ƙashinsa ba ya ƙwari. Sai ƙafafu su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya makara bai yi tafiya ba. Idan yarinya ce, ƙashin ƙugunta yana iya tsukewa, ranar haihuwa ta sha wuya.

Bitamin D ba shi da yawa a cikin abinci. Ana samun sa a kifi mai mai da gwaiduwar ƙwai da hanta, amma mafi yawansa fatar mutum ce take yin sa da kanta idan rana ta taɓa ta. A nan ne zancen Ingila ya shigo. Ƙasar tana can arewa mai nisa, daga watan Oktoba zuwa Maris ranarsu ba ta da ƙarfin da zai sa fata ta yi wannan aiki. A zamanin da hayaƙin masana'antu ya rufe biranensu, yara masu lanƙwasasshen ƙashi sun cika unguwannin talakawa. A shekarar 1919 wani likita mai suna Edward Mellanby ya gwada da ƴan kwikwiyo, ya nuna cewa man hantar kifi yana warkar da ciwon. A wannan shekara kuma wani likita a Jamus ya warkar da yara da hasken wata fitila mai irin ƙarfin rana. A lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatin Ingila ta riƙa rarraba wa ƙananan yara man hantar kifi. Amurka ta fara zuba bitamin D a cikin madara tun shekarun 1930, ƙasar Finland ta bi wannan hanya a 2003.

A shekarar 2016 hukumar lafiya ta Ingila ta ba jama'arta shawara cewa kowa ya duba yiwuwar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a watannin kaka da hunturu. Masu baƙar fata, da waɗanda ba su fita waje, da masu rufe jiki duka, aka ce su sha shekara gaba ɗaya, saboda baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta yi bitamin ɗin. A hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin annobar korona da aka tsare mutane a gida, gwamnati ta yi tayin ba da ƙwayar kyauta ga tsofaffi da marasa lafiya sama da miliyan 2 da rabi. Mu dai ba mu ga laifinsu ba. Sun duba ranarsu, sun auna jinin mutanensu, suka faɗi abin da ya dace da su. Ɗanmu da yake karatu ko aiki a can, muna ce masa ya bi shawarar ƙasar da yake zaune. Amma mai tallar kasuwarmu ya ɗauko ƙarshen maganar ya bar farkonta, bai gaya wa dattijon nan cewa shawarar ta masu ƙarancin rana ba ce.

Sauran alƙawuran da ya yi kuma, an gwada su. A Amurka an ɗauki manya kusan dubu 26, aka ba rabinsu bitamin D kullum har kimanin shekara biyar, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba kome a cikinta. Da aka fito da sakamako a 2018, ba a ga raguwar kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba. A 2022 aka ƙara bayyana cewa ko karayar ƙashi ba ta ragu ba. Yawancin waɗannan mutane da ma ba su rasa bitamin ɗin ba, kuma wanda bai rasa abu ba, ƙara masa ba ya amfana masa kome. Yana ma iya cutarwa, domin bitamin D ba ya fita da fitsari da sauri, taruwa yake yi a jiki. Idan ya yi yawa sai kalsiyam ya cika jini, mutum ya riƙa amai da ƙishirwa, ƙoda ta lalace. Ingila da kanta ta ɗanɗana wannan a shekarun 1950, lokacin da aka ga jarirai da kalsiyam ya yi musu yawa a jini, har hukuma ta rage yawan bitamin ɗin da ake zubawa a abincin jarirai.

To, mu a nan yaya abin yake? Wani zai ce tun da rana ta ishe mu, ai zancen bai shafe mu ba. Makiyayi mai bin garke yana da gaskiya a kan kansa. A 2012 an auna jinin Masai, makiyayan ƙasar Tanzaniya, aka tarar bitamin D ɗinsu ya fi na yawancin mutanen Turai nesa. Amma duk wanda yake yawo kasuwa-kasuwa ya sha ganin yara masu lanƙwasassun ƙafafu a ƙasashen nan namu na rana. Me ya kawo haka?

Amsar ta fito daga maƙwabtanmu, a Jos ta Nijeriya. Wani likita mai suna Tom Thacher da abokan aikinsa sun tara yara 123 masu wannan ciwo, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su bitamin D kaɗai, kashi ɗaya kalsiyam kaɗai, kashi na uku aka haɗa musu duka biyu, har mako 24. A sakamakon da suka fitar a 1999, cikin waɗanda suka samu bitamin D kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne ƙashinsu ya warke ko ya kusa. Masu kalsiyam kaɗai kashi 61, masu duka biyu kashi 58. Da aka duba abincin yaran, sai aka ga kalsiyam ɗin da suke samu a yini bai wuce kimanin miligiram 200 ba, saboda tuwo da kunu ne abincinsu, nono kuwa sai jefi-jefi. Likitocin yara na duniya da suka yi matsaya ɗaya a 2016 sun ce yaron da ya wuce shekara ɗaya, idan yana samun ƙasa da miligiram 300 yana cikin haɗari, idan ya haura 500 ya wadatu. Lita ɗaya ta madarar saniya tana ɗauke da wajen miligiram 1,200. Ke nan rabin lita a yini ya ishi yaro. Da a ce hukuma ta kwafo shawarar Ingila ido rufe ta rarraba wa yaran Jos ƙwayar bitamin D kaɗai, da an kashe kuɗi, da yawancinsu suna nan da ƙafafunsu a lanƙwashe.

Kada kuma a ce mun ce ba wanda yake buƙatar ƙwayar a cikinmu. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashen Afirka a 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗinsa bai kai yadda ake so ba, abin ya fi yawa ga jarirai sabuwar haihuwa da mata da mazauna birni. Mun san su a gidajenmu. Akwai matar da take wuni a ɗaki, idan ta fita kuma jikinta a rufe. Akwai tsohon da ciwo ya kwantar. Akwai ɗan kasuwar da ya koma birni, daga shago sai mota, kuma ranar da ta ratso gilashi ba ta yin wannan aiki. Nonon uwa ma, duk da ba abin da ya fi shi ga jariri, bitamin D ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa likitocin nan na 2016 suka ce a riƙa ɗiga wa jariri maikirogiram 10 kullum a shekararsa ta farko, tun da ba a shanya jariri a rana. Irin waɗannan mutane likita ne ya kamata ya duba su ya faɗi abin da za su sha.

Akwai masu cewa gwamnati ba ruwanta da abin da mutum zai haɗiya. Mu makiyaya ba za mu yarda da wannan ba, domin mun ga ranar hukuma. Bushiya ta ƙarar da garake tun zamanin kakanninmu, ba kuwa mai saniya ɗaya da ya isa ya kore ta shi kaɗai. Sai da gwamnatoci suka haɗa kai, aka bi ruga-ruga da allura shekara da shekaru, har a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Wannan aiki ya yi nasara ne saboda an san cutar, an kawo maganinta na ainihi, an kai shi inda bisashe suke. Mun kuma ga abin da yake faruwa idan hukuma ta yi barci, domin da yawa cikinmu sun sayi maganin sammore na jabu a kasuwa, kuɗi ya tafi, saniya ta mutu. Inda hukuma ta yi shiru, mai lasifika ne yake zama likita.

Saboda haka ga kiranmu ga magabata. Na farko, a auna mutanenmu a nan gida, na birni da na ƙauye da na rugga, mata da yara, kafin a ce a sha ko kada a sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, abin da aka gano a faɗe shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Buzanci da Zabarmanci, a bayyana wane ne yake buƙata, nawa zai sha, wane ne kuma rana da nono sun ishe shi. Na uku, a sa ido a kan kwalaben da ake talla a kasuwanni, a duba ko abin da aka rubuta shi ne a ciki, a hana masu alƙawarin ƙarya. Na huɗu, a koya wa ma'aikatan gidajen likita na karkara yadda za su gane ciwon tun daga kumburin wuyan hannu, kuma a ajiye musu kalsiyam tare da bitamin D, domin yaron da aka kama ciwonsa da wuri ƙashinsa yana iya miƙewa. Na biyar, a sa nonon gida a cikin abincin ƴan makaranta da na yaran da aka yaye. Kuɗin da za a kai waje sayen ƙwaya ga kowa da kowa, gara a gyara da shi hanyar tara madara daga rugga zuwa gari.

Mu ma akwai namu. A lokacin rani, da nono ya ragu kuma kuɗinsa ya tashi, gidaje da yawa suna kai ƙwaryar duka kasuwa, a bar yara da kunu tsura. Mun san talauci ne yake sa haka, amma maraƙi ma ba mu tatse uwarsa ƙaf mu bar shi. A ware rabon yaran gida kafin a ɗauki ƙwarya, ko kindirmo ne ko cuku, domin kalsiyam yana nan a cikinsu duka. Mata da tsofaffi su riƙa samun ɗan lokaci a tsakar gida kullum, rana tana taɓa hannuwa da ƙafafu. Wanda ya ga ƙafar ɗansa ta fara baka, kada ya jira wai za ta miƙe da kanta, ya kai shi likita. Wanda kuma mai talla ya tare shi da kwalba, ya tambaye shi: wane ne ya auna ni ya ce na rasa?

Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalinmu da dukiyarmu. Wassalam.