"Duba shafi na 47": alƙawarin da bai kamata a buga da hannu ba

Duk marubucin da ya ce wa mai karatu "duba shafi na 47" ya ɗauki alƙawari. Idan da hannunsa ya buga lambar, sannan aka ƙara sakin layi biyu a babin farko, sai jadawalin da ake nufi ya koma shafi na 48. Mai karatu ya lalubi 47 bai ga komai ba, daga nan sai ya fara shakkar sauran alƙaluman littafin.

LaTeX, manhajar tsara rubutu da Leslie Lamport ya gina a kan TeX na Donald Knuth, ta daɗe da magance wannan. Ana maƙala wa jadawali alama da \label, a kira shafinsa da \pageref, a sarrafa fayil ɗin sau biyu: zagayen farko ya tattara lambobin, na biyu ya zuba su a gurabensu.

Sai dai a ganina daidaiton lamba kaɗai bai wadatar ba. Mene ne amfanin tura mutum shafi na 12 alhali shi yake karantawa? Ƙunshin varioref na Frank Mittelbach yana auna nisa: idan jadawalin na wannan shafi, \vref ba ya kawo lamba, idan yana na gaba, sai ya faɗi haka da kalmomi, sai ya yi nisa ake ganin lamba.

Kalmomin ma ana iya sauya su. Mai rubutu da Hausa ya mayar da \reftextafter ya zama "a shafi na gaba". Aikin minti kaɗan ne, kuma haƙƙin mai karatu ne a kan marubuci.