Wuta Tana Son Ƙofa Biyu

'Yan'uwa manoma, daga Disamba zuwa Janairu sanyin hunturu yakan sa mu toshe kowace taga da tsumma, balle mu na Jos da Pankshin da kan tsaunin Mambila. A dā kaskon gawayi muke shigarwa ɗaki. Yanzu waɗansunmu sun sayi murhun gas, har da na'urar ɗumama ɗaki ko ta dafa ruwan wanka. Ra'ayinmu shi ne, kada ƙungiya ta ba da rancen sayen kayan gas sai an nuna mata inda iska za ta shiga da inda hayaƙi zai fita.

Ga dalili. Idan wuta ba ta sami isasshiyar iska ba, takan fid da guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yakan kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sama da sau 200. Alamunta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, har mutum ya zaci zazzaɓin cizon sauro ne. Mai barci kuwa ba ya farkawa. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. In ya koma rawaya, ko kunkunniya ta taru, a kashe, a buɗe ƙofa, kowa ya fita waje.

Na'urar da aka ƙera da bakin hayaƙi, dole a sa mata bututu. Ga abin da za mu lura da shi:

1. Faɗin bututu ya bi umarnin masu ƙera na'urar. In bakinta inci 4 ne, kada a sa na inci 3, gama hayaƙi zai shaƙe ya komo ɗaki. Wanda ya cika faɗi kuma, hayaƙi yakan huce a cikinsa ya kāsa tashi, ruwa ya taru, tsatsa ta ci ƙarfen.

2. Bututu ya miƙe sama, kada lanƙwasa ta yi yawa.

3. A Amurka ƙa'idar magina ita ce bakinsa ya wuce rufi da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk sashen gini da ke cikin ƙafa 10 da ƙafa 2. Mu ma za ta amfane mu. A sa masa hula saboda ruwan sama da sheƙar tsuntsu.

4. A bar kafa ƙasa-ƙasa a bango. Ta nan iska za ta shiga, ta nan kuma gas zai fita in tukunya ta yi yoyo, gama ya fi iska nauyi.

Murhun girki ba shi da bututu, don haka ba na jin ɗumi ba ne, kada a kwana da shi a kunne. Gawayi ma haka.

Wani zai ce bututu da tsada, kafa kuma tana shigo da sanyi. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado, sanyi kuwa bargo ne maganinsa. A Ingila dokar 1998 ta tilasta wa masu ba da haya su sa gwani ya duba kayan gas kowace shekara. Mu ba sai mun jira doka ba. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu su koyi aikin, su zaga gidajen membobi kafin hunturu. Mu kawo maganar a taro na gaba.