Ruwan kwamin kifi taki ne, a daina sakin sa a rafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kwamin tarwada ranar canjin ruwa ya san warin. Koren ruwa mai kauri, a buɗe bututu a sake shi ya bi kwata ya gangara rafi. A Tarai da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, inda manomi ke kuka da tsadar buhun yuriya, wannan asara ce sau biyu.

Kifi ba ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku na sinadarin naitirojin da ke cikin abincinsa. Sauran yana fita a ruwan, galibi a matsayin amoniya, tare da kashi da ragowar abinci mai fosfaras. Abin da manomi ke saye da tsada ke nan a kasuwa.

Ƙasashen bakin teku sun riga mu ganin illar. A Tailan da Indunusiya an yi ta haƙa tafkunan kiwon jatan lande a gefen dazukan da ke tsirowa cikin taɓon ruwan gishiri, irin waɗanda ke Neja Delta. Ƙwayoyin halittar da ke cikin taɓon suna sarrafa amoniya, bishiyoyi su sha wani kaso, wani ya koma iska. Amma taɓon yana da iyaka. In dattin ya fi ƙarfinsa, sai iskar shaƙa ta ƙare, gansakuka ta rufe ruwa, ƙananan kifaye su mutu.

Ƙasar fadama ma haka take aiki, kuma ita ma tana ƙoshi. Ruwan yankin nan kuwa ba a nan yake tsayawa ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ciyawar kachala ta addabi masunta da manoman dausayin Hadejia da Nguru, kuma ruwa mai ɗauke da taki abinci ne a gare ta.

Mai kwami ya haƙa ɗan rami a gefe, ruwan ya kwana, laka ta kwanta, sannan a ja shi zuwa masara ko tumatir. Sai dai a kula: ruwan da aka zuba wa gishiri ko maganin kifi ba na shuka ba ne, kuma kada a watsa shi kan latas da ake ci ɗanye.

Wannan aikin malaman gona na KNARDA ne, su bi masu kwami gida-gida kafin noman rani ya kankama.