Uwargida a Gaban Masu Intabiyu: Kada Ki Raina Sana'arki

A wannan watan za mu duba tambayar wata 'yar'uwa daga Birnin Kebbi, wadda ke neman gurbin digiri na biyu a fannin harkokin kasuwanci, wato MBA, amma tana fargabar ranar da za a zaunar da ita gaban malamai. Ta ce shekararta tara da gama digirin farko, ba ta taɓa aikin ofis ba, sai raino da 'yar sana'ar shinkafa a cikin gida.

To 'yar'uwa, wannan da kike kira 'yar sana'a ita ce babban abin da za ki shiga da shi. Malaman nan abu biyu suke son su gane: shin kin san kasuwanci a aikace, kuma in an ba ki gurbin za ki iya kai wa ƙarshe? Matar da ke sayen shanshera lokacin kaka, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta sayar, ta kuma bi bashin da ta bayar, ai ta riga ta taɓa rabin abin da ake koyarwa a ajin. Kada mu manta uwar muminai Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, 'yar kasuwa ce da ke ba maza dukiyarta su tafi da ita fatauci har Sham.

Sai dai ki je da lissafi a kanki. In aka ce ki ba da labarin kanki, kada ki tsaya a kan "muna dai taɓawa, Alhamdu lillahi." Ki gode wa Allah, sannan ki faɗi buhu nawa kike sarrafawa a wata, kwano nawa kike samu a kowane buhu bayan an cashe, nawa ke tafiya a itace da kuɗin inji da dako, mata nawa ke taya ki. In ba ki rubutawa, ki sayi littafi tun yau ki fara. Ki kuma tanadi labarin wata matsala guda da kika warware, alal misali lokacin da farashi ya faɗi kina da kaya a ƙasa, ko wata ta ci adashe ta daina zubi.

Bugu da ƙari, ki san abin da ke gudana a fagen sana'arki. A Birnin Kebbi ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a watan Nuwamba na 2015, kuma a 2017 aka buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu. Malami zai iya tambayarki yadda mai turarawa a tsakar gida za ta tsira kusa da irin waɗannan manyan injuna. Ki yi tunanin amsarki tun a gida: ko sauƙin farashi ne, ko tsabtar shinkafarki da babu tsakuwa, ko amanar da ke tsakaninki da masu sayen kayanki.

Game da takardu kuwa, ki karanta tallar kowace makaranta da kyau, domin ƙa'idojin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da na Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba lallai su zo ɗaya ba. Wata makarantar takardu kawai take tantancewa, wata ta haɗa da jarrabawa ko intabiyu. Galibi dai za a nemi shaidar digirinki, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, da takardar hidimar ƙasa ko ta ɗauke miki ita. Mai babbar difloma, irin ta Kwalejin Waziri Umaru, yawanci sai ta fara yin diflomar bayan digiri. In kin canza suna bayan aure, ki riƙo takardar rantsuwa daga kotu, kada sunaye biyu su jawo miki cikas.

Sai babbar magana, wato gida. Kafin ki sayi fom ki zauna da maigida cikin ladabi ku gama magana: kuɗin makaranta daga ina, wa zai riƙe yara ranakun darasi, ina za ki sauka in tafiya ta kama. Tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato kusan kilomita 150 ne, ba tafiyar da za a riƙa yi babu shiri ba ce. Idan an tambaye ki yadda za ki haɗa karatu da iyali, amsar da ta fito daga shawarar da kuka riga kuka yanke ta fi kowace daɗin ji. Ki kuma yi istihara, ki nemi addu'ar iyaye.

Ranar ganawar ki isa da wuri, da hijabinki mai tsabta, takardu a jere cikin fayil. Kunya adon mace ce, amma kada ta shaƙe miki murya har malami ya riƙa cewa ki maimaita. Ki yi sallama, ki zauna a natse, ki ɗaga murya daidai ji. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, shi ya sa kika zo neman ilmi. Da yake da Turanci za a yi, ki samu wata ƙawa ko 'yarki babba ta riƙa jefo miki tambayoyi kina amsawa har bakinki ya saba. In ta waya ko kwamfuta za a gana, ki cika caji, ki tanadi data, a fitar miki da yara na ɗan lokaci.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa albarka a sana'o'inmu da zuriyarmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.