Wa Za Ka Ba Ajiyar Makullanka? Shawara Kan Zaɓen Manhajar Adana Kalmomin Sirri



A shekarun da na yi ina riƙe wa Maigida alƙalami da takardu, na zauna a zaman rabon gado da dama. A da, abin da ake kawowa gabanmu shi ne akwatin mamaci, da littafin bashi, da takardar fili. Yanzu akwai wani abu da ake ajiyewa a tsakiyar tabarma, kowa ya zuba masa ido ba mai iya buɗe shi, wato wayar mamaci. Kwanakin baya wani bawan Allah mai sana'ar goro ya rasu a unguwarmu a nan Kumasi. Iyalinsa sun san akwai waɗanda yake bi bashi, akwai kuma masu binsa, amma lissafin duka yana cikin wayarsa da akwatin imel ɗinsa, shi kuwa ya tafi da kalmomin sirrinsa. Sai da aka shafe watanni ana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya, wanda bai ji ba ya yi shiru.

Tun daga ranar nake da ra'ayin cewa duk mai wayar zamani yana bukatar manhajar adana kalmomin sirri, kuma zaɓenta magana ce ta amana. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi fataucin goro ba sa sauka gidan kowa haka kawai. Sai sun bincika halin fatoman da za su bar wa kaya da kuɗi, domin ba a ba kura ajiyar nama. Irin wannan binciken ya kamata mu yi kafin mu miƙa makullan rayuwarmu ga wata manhaja.

Bari mu fara duba halin da muke ciki. Mutum ɗaya yana da Facebook, da imel, da manhajar banki, da WhatsApp, wani har da shafin makarantar 'ya'yansa. Tun da kai ba zai ɗauki wannan duka ba, sai a sa kalma ɗaya a ko'ina, galibi sunan ɗa ko shekarar haihuwa ko lambar waya. Ranar da kalmar ta fita daga wuri ɗaya, dukkan ƙofofi sun buɗe. Mafi muni kuma, da yawa daga cikin dattawanmu yaron shagon waya ne ya buɗe musu asusun Google ranar da suka sayi wayar, shi ya zaɓi kalmar, kuma har yau mai wayar bai san ta ba.

Aikin wannan manhaja mai sauƙin fahimta ne. Tana ƙirƙira wa kowane asusu doguwar kalmar sirri ta daban, ta kulle su duka a cikin rumbu ɗaya, ta kuma cika maka su da kanta idan za ka shiga. Abin da ya rage gare ka shi ne haddace kalma ɗaya tak, wato uwar makulli.

Na san abin da mai hankali zai ce: idan na tara komai a rumbu ɗaya, ɓarawo ya fasa shi, ai na rasa komai ke nan. Wannan tsoro yana da tushe. A shekarar 2022 ɓarayin intanet sun kutsa cikin kamfanin LastPass, ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a, suka kwashe kwafin rumbunan masu hulɗa da shi. Sai dai kalmomin sirrin da ke ciki a kulle suke da uwar makullin kowane mutum, wanda kamfanin kansa bai sani ba. Wanda makullinsa ya kasance dogo mai wuyar zato ya samu lokacin canza kalmominsa, wanda nasa ya kasance gajere shi ne ya shiga haɗari. Darasin da na ɗauka shi ne ƙarfin rumbu yana ga makullinsa. Wanda kuwa yake amfani da sunan ɗansa a wurare goma, ya riga ya tara komai a wuri ɗaya, kuma ba tare da ƙofa ba.

Saboda haka tambayoyi uku nake ba da shawarar a yi wa kowace manhaja.

Ta farko: wa ke iya karanta abin da ke ciki? Manhajar kirki tana kulle bayananka a kan wayarka tun kafin su tafi wurin kamfanin, ta yadda ma'aikatansa ba za su iya gani ba. Bitwarden da 1Password da Proton Pass duk a kan wannan tsari aka gina su. Bitwarden tana da ƙarin daraja a wurina domin rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, masana na iya dubawa su tona aibi idan akwai.

Ta biyu: idan wayar ta faɗi a kasuwar Kejetia ko aka fizge ta a mota, yaya za ka yi? Manhajojin da na ambata suna ajiye kwafin rumbun a kulle a intanet, sai ka sayi sabuwar waya ka sake shiga asusunka. Akwai wata iri kamar KeePassDX da ke barin rumbun a cikin wayarka kaɗai. Tana da kyau ga wanda bai yarda da kowane kamfani ba, amma idan bai yi kwafi a wani wuri ba, ɓatan waya ɓatan komai ne. Ban ba dattijo shawarar ta ba sai yana da mai kula masa.

Ta uku, wadda ta sa na ɗauki alƙalami: idan ta Allah ta kasance, iyalinka za su iya shiga? Bitwarden tana da tsarin da za ka naɗa amintacce, idan ya nemi shiga kuma ba ka hana ba har kwanakin da ka ƙayyade suka cika, sai a buɗe masa. Sai dai wannan yana cikin ɓangaren da ake biyan kuɗi. 1Password tana ba da takarda da za ka buga, ka rubuta makullinka a kai ka adana. Google yana da tsarin da za ka zaɓi wanda za a sanar idan asusunka ya yi watanni ba a taɓa shi ba. Masu iPhone su lura: tsarin naɗa magaji da Apple ya kawo a 2021 yana ba da hotuna da saƙonni, amma bai haɗa da kalmomin sirrin da aka adana ba.

To, wace za a zaɓa? Mafi yawanmu Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung muke riƙewa, kuma duk suna zuwa da manhajar Google ta adana kalmomin sirri, kyauta. Ga wanda asusunsa ba su da yawa, ta wadatar, bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, ya karɓe asusun Google ɗinsa daga hannun wanda ya buɗe masa, ya canza kalmar, ya tabbatar lambar wayar da ke kai tasa ce. Na biyu, ya sani cewa duk wanda ya san lambar buɗe fuskar wayarsa zai iya ganin kalmomin, don haka wayar da jikoki ke wasa da ita ba wurin ajiya ba ce. Ga ɗan kasuwa, ko mai riƙe da asusun ƙungiya ko makaranta, ni Bitwarden nake zaɓa, domin ɓangarenta na kyauta yana aiki a waya da kwamfuta, kuma makullinta daban yake da na fuskar waya. 1Password tana da inganci, amma ba ta da ɓangaren kyauta na dindindin, kuma biyan kuɗin shekara da katin banki ba kowa zai iya jurewa ba.

Kowace ka zaɓa, ka sauke ta daga Play Store ko App Store da hannunka, ka duba sunan da kyau. A watan Fabrairun 2024 an gano wata manhajar jabu mai suna LassPass a App Store, harafi ɗaya kawai aka sauya. Kada ka karɓi manhaja da wani ya turo maka ta WhatsApp.

Game da uwar makulli, ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba sunan iyali ba. Ka guji haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, domin wata rana za ka iya samun kanka da wayar da ba ta da su. Sannan ka rubuta ta a takarda, ka sa a ambulan ka liƙe, ka ajiye tare da takardar wasiyya ko ta fili, ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda take. Rubuta hakki ba sabon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Lambar sirri ta MoMo kuwa hukuncinta daban ne. A kai ake riƙe ta, ba a faɗa wa mai kira ko da ya ce daga ofis yake. Kuma magada su sani, kuɗin da ke cikin asusun mamaci dukiyar gado ce. Akwai hanyar karɓarsa ta hukuma da takardun kotu, kuma samun makulli bai halatta wa ɗa ɗaya ya cire ko sidi guda kafin a yi rabo ba.

Ina roƙon matasanmu masu ilimin waya su ware yammaci ɗaya su zauna da iyayensu, su saita musu manhajar, amma idan aka zo wurin rubuta uwar makulli su miƙa wayar su kau da kai. Allah Ya sa mu cika da amana, Ya jiƙan magabatanmu.