Tsakanin bindiga da tabki: wanne ya fi kusa da ɗiyanmu?

Idan muka zauna a rumfa muna hira, maganar ƴan bindiga ce ke fara fitowa. Muna da hujja: tun shekarar 2019 da dubban ƴan gudun hijira suka kwararo jihar Maradi daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji sun san satar shanu da garkuwa da mutane. Shi ya sa uwa ke hana yaro fita da dare, uba ke fasa aiken ɗansa kasuwar ƙauye.

Amma akwai wani makashi da ba mu cika ambato ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum kimanin dubu 300 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƙananan yara ne da ba su kai shekara 5 ba. A nan gida, damanar 2024 ta hallaka sama da mutum 300, wasu a ruwa, wasu gini ya faɗo musu, kuma jihar Maradi ce ta fi yin asara.

Harin ƴan bindiga yana zuwa da ƙara, rediyo ta faɗa, gari ya ɗauka. Yaron da ya faɗa ruwa kuwa ba ya iya ko kuka, cikin mintoci kaɗan an gama, sai a ce kwana ya ƙare, a yi shiru. Ga wanda ke zaune cikin Maradi, Damagaram, Tawa ko Yamai, tabkin unguwa, ramin da aka haƙa don tubali, rijiya marar murfi da bahon wanki sun fi ɗan bindiga kusa da ƙofar gida.

Tsaron iyaka aikin soja ne da jandarma, sai mu ci gaba da neman haƙƙinmu wurin mahukunta. Ruwa kuwa yana hannunmu. Mu rufe rijiya da randa, mu kife baho bayan wanki. Mu daina bar wa yarinya ƴar shekara 7 renon mai rarrafe. Yadda muke haɗa adashi, mata biyar na layi guda za su iya ɗaukar babbar mace ta tsare musu yara ranar kasuwa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su matsa wa magajin gari a cike ramuka, a yashe magudanai kafin ruwan farko ya sauka.