Raddi Ga Mai Cewa "Masu Ƙaranci" Ta Wadatar

Wani malamin harshe a nan Sakkwato, wanda nake ganin girmansa, ya ce a daina wahalar da baki: dabbobin da ake tsoron ƙarewar irinsu a kira su "masu ƙaranci" kawai. Allah gafarta Malam, ban gamsu ba.

Hujjarsa ta farko, wai abin da zai ƙare sai ya yi ƙaranci tukuna. To amma ƙaranci lissafin yau ne, bai faɗi inda aka dosa ba. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996, yanzu sun haura 600. Kaɗan ne har gobe, sai dai gaba suke yi. Ita kuwa ungulu, wadda dattawa suka taso suna korarta a mahauta, ta fi su yawa nesa ba kusa ba, amma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a matakin da daga shi sai ƙarewa a daji. Guba da cinikin kawunanta don tsibbu suna cikin abin da ya cinye ta. Yaushe rabon Malam da ganin ta a kan rimi? In muka bi kalmarsa, raƙumin dawa za mu yi wa kuka, mu bar ungulu.

Ta biyu, ya ce "barazanar ƙarewa" da 'yan jarida ke faɗi fassara ce ɗanya. Nan kam na sallama. Barazana sai da mai yin ta, kuma sau da yawa kurari ce. Sai dai gurguwar kalma ba a musanya ta da makauniya. Muna da "gab da ƙarewa". Kada ma a ce "ɓacewa", don akuyar da ta ɓata ana cigiyarta a same ta.

Ta ukun ce ta fi ba ni mamaki: wai cewa iri zai ƙare shisshigi ne cikin gaibu. Ashe manomin Wamakko da ya leƙa rumbu ya ce hatsin nan ba zai kai kaka ba, gaibu ya duba? Dammuna ya ƙirga, ya ƙirga bakunan gidansa. Masu bin sawun ungulu ma ƙirga suka yi, shekara bayan shekara, a kan hanyoyin da suka saba bi.